Dan Allah masu mage da kare, haka naku suke yi in hadari ya taso?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya zafi ya kuma haƙuri da rashin wuta. Tambaya ce da ni dan Allah, na san wasu za su ce mutane ma ba su gama da kansu ba ana ta mage, toh a yi haƙuri abin ne ya dame ni.

Ina da mage shekara uku kenan, ba siyo ta na yi ba ita ta kawo kanta ta kan katanga tana 'yar mitsitsiya, na zuba mata ragowar madarar yara shikenan ta zama 'yar gida. Sati uku da suka wuce ta haifi 'ya'ya huɗu a cikin kwalin taliya a sito. Shi kuma Abban yara yana da karen gadi, irin manyan nan masu gashi da tsayayyun kunnuwa da ake ce wa ɗan Jamus, bara ya kawo shi bayan an hauro mana an kwashe batiran sola. Da rana yana ɗaure da sarƙa a bayan gida ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano, sai dare ake sakin shi.

Tunda Afrilu ya kama kun dai san yadda Kano take, ƙarfe goman safe ruwan tanki ya isa a dama koko da shi. Magen nan sai ta bar 'ya'yan suna ta kuka ta tafi banɗaki ta baje a kan tayil gefen bokiti kamar wadda aka yar. Karen kuma harshe a waje tun hantsi har la'asar yawu na dalala, ya tona wani uban rami a gindin famfo ya kashe min 'yar na'a-na'ar da na shuka, abinci kuwa ko kallo bai ishe shi ba sai bayan isha.

Ranar Talata bayan la'asar garin ya yi tsit ko ganye ba ya motsi, irin zafin nan mai danƙo da kana fitowa daga wanka gumi na bin ka, amma wallahi ta inda nake hangowa sama fes take. Kawai sai na ga magen ta ɗauko ɗanta ɗaya a baki ta wuya ta shige ɗakina, ta kai shi can ƙuryar ƙarƙashin gado bayan akwatunan lefe, ta koma ta ɗauko na biyu. Na sa yara suka mayar da su sito, ta sake kwaso su, har sau biyu muna yi da ita na gaji na ƙyale ta. Ba a yi minti arba'in ba gabas ta yi jawur, ƙura ta taso da iska mai ƙarfi ƙofofi na ta bugawa, sai tsawa, wata irin tsawa da sai da gilashin taga ya amsa. Nan fa karen ya fara wani kuka da ban taɓa jin ya yi ba, ba haushi ba, kuka mai ja kamar na mutum, yana fizgar sarƙa yana fizga har ƙarfen da aka kafe a bango ya fita, wuyansa duk ya saluɓe. Da gudu ya shigo kicin, wurin da bai taɓa takawa ba, ya cusa kansa bayan tukunyar gas yana karkarwa har da fitsari. Ni da yara muka kulle kanmu a ɗaki dan Abbansu ba ya nan, ni kuma gaskiya tsoron karen nake ji ko da lafiya lau balle a wannan hali.

Yanzu maganganu sun min yawa. Hajiyarmu, wato surukata, ta ce dabbobi suna ganin abin da ba ma gani, a yi ta addu'a kawai. Maƙocinmu ya ce karen haukacewa ya fara a gaggauta rabuwa da shi kafin ya ciji yaro. Wata ƙawata kuma ta ce in dinga jiƙa musu parasitamol a ruwa saboda zafin, in na ga hadari in ba karen ƙwayar barci. Ni dai na rasa ta wa zan ɗauka, ga damina ko sauka ba ta gama yi ba, in haka za a yi ta yi har Satumba ai da sauran aiki.

Ɗan Fagge:

Hhhh Hajiya ai kin samu ma'aikaciyar hukumar hasashen yanayi ta NiMet kyauta a gida, ki dinga sanar da mu a nan duk ranar da ta fara kwashe 'ya'ya mu ma mu kwashe shanya. Shi kuma ogan gadi a rage masa albashi, wanda aka kawo ya tsare gida shi ne ya riga kowa shiga kicin. Ɓarayin unguwarku kada su ji labarin nan dai, sai su dinga jiran hadari.

Mai Tattabaru:

Wa alaikumus salam. Maman Biyu ni ban san kan kare ba, amma na fi shekara ashirin ina kiwon tattabaru a nan Zariya kuma abin da kika gani a wajen magenki mu kullum muna ganin irinsa. Ranar da za a yi hadari mai iska tattabaruna ba sa nisa, ko na kaɗa su sama zagaye biyu uku za su yi su dawo su jeru a kan katanga suna ta gyaran gashi, wasu su shige ɗaki tun rana da sauranta. In na ga haka ba na musu dole. Da ina yaro na taɓa yin taurin kai na kore su sama ana gab da hadari dan in burge abokai, iskar ta kwashe su ta yi yamma da su, cikin goma sha huɗu tara ne suka dawo, biyu ma sai bayan kwana uku a rame.

Amma in gaya miki gaskiya tsawa ba ta taɓa min ɓarnar da zafi ya min ba. Tsawa iyakarta in ta faɗo da daddare uwar ta firgita ta tashi daga kan ƙwai, in ba ta koma da wuri ba ƙwan ya huce shikenan an yi asarar kwana goma sha takwas ɗin da za ta ƙyanƙyashe. Zafi kuwa ɗauka yake ɗaya bayan ɗaya ba hayaniya. Shekarar 2024 da azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, kowa ya san irin zafin da aka sha, a sati ɗaya na kwashe 'yan shila bakwai matattu, duk a layin sama na kejin wanda ya fi kusa da kwano. Na ƙasa ko ɗaya bai mutu ba. Tun daga nan na gane kwanon ne, na samo zana da buhunan algarara na shimfiɗa a kan rufin na danne da bulo, na huda bangon ta gabas da yamma iska na ratsawa, da azahar in watsa wa zanar ruwa. Ruwan shansu kuma na bar zuba shi a roba, kaskon ƙasa na saya, sau uku nake canzawa, sannan in ajiye musu faffaɗan faranti da ruwa kaɗan su yi wanka. In kika ga yadda suke turereniya a cikin farantin nan suna ɗaga fiffike ɗaya sama sai sun ba ki tausayi.

Dan haka ni abin da ya tsaya min a labarinki rumfar kwanon nan ce. Ki je da kanki ƙarfe biyun rana ki tsuguna a inda karen yake kwanciya, ba a tsaye ba, ki tsuguna daidai tsayinsa ki yi minti biyar. Ba sai kowa ya miki bayani ba. Ramin da ya tona a gindin famfo ai sanyin ƙasa yake nema, na'a-na'arki ce ta zo a tsautsayi.

Likitan Dabbobi:

Hajiya Maman Biyu sannu da fama. Kafin komai, dan girman Allah kada ki ba magen nan parasitamol, ko rabin ƙwaya, ko a ruwa ko a madara. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi, ƙwaya ɗaya ta manya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta, fuska ta kumbura dasashi ya koma ruwan ƙasa numfashi ya gagara, kuma ga ta tana shayarwa. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma kusan duk masu kawowa da kyakkyawar niyya suka bayar. Shi ma karen kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac ko ƙwayar barcin mutane. Ƙawarki ta ɗauka zafin gari da zazzaɓi abu ɗaya ne, alhali dabbar da rana ta gasa ba abin da maganin zazzaɓi zai mata, inuwa da ruwa da iska take so.

Maganar hauka kuma ki kwantar da hankalinki, abin da kika siffanta tsoro ne zalla. Karen da ciwon hauka ya kama ba ya warkewa dan an ɗauke ruwa, kullum gaba abin yake yi, ya canza hali, ya dinga cizon duk abin da ya samu har itace da ƙarfe, muryarsa ta canza, muƙamuƙi ya saki ya kasa haɗiya, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Naku in na fahimce ki hadari na wucewa ya dawo hayyacinsa. Amma ki tambayi maigida katin rigakafinsa, allurar haukan kare duk shekara ake sabuntawa a nan, ita ma magen ana mata. In lokaci ya wuce a je asibitin dabbobi a yi, ko dan bakin maƙota ma.

Yadda magen ta riga ki sani kuwa, kunnenta da hancinta ne. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kafin ya iso kanki ya riga ya zubar da ruwa a wani gari, iskar da ke gabansa tana ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga rugugin tsawa daga nesa wanda ke ba ki ji ba saboda hayaniyar gida da janareton maƙota. Sannan ta shekara uku tana ganin damina, ta haddace cewa in gari ya yi irin wannan shirun abin da ke biyo baya kenan. Ƙari a kan haka mage mai jego dama tana yawan canza wa 'ya'ya wuri in ta ga inda suke bai mata ba, sito da zafi da ƙarar kwano, ƙarƙashin gadonki kuwa duhu da sanyin siminti. Ta fi ki gaskiya a wannan, ki bar mata wurin, ki tura mata tsohon zani da kwanon ruwa kusa.

Yanzu wanda ya fi damuna, karen. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, ɗan abin da yake yi a tafin ƙafa ne, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 da 39 ne da ɗan ɗoriya, in ya haura 41 an shiga haɗari, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa duk suna iya taɓuwa. Toh ki duba garin da ma'auni ke nuna 41 ko 42 a inuwa, ki ɗora kwano a kai, ki ɗaure shi yadda ba zai iya bin inuwa in ta juya ba, kuma irin nasu an samar da shi ne a ƙasar sanyi, gashi biyu gare shi na ciki da na waje, ba kamar karnukanmu na gida masu ɗan siririn jiki da gajeren gashi ba. Alamomin da za ki gani ki san an wuce haki na yau da kullum su ne yawu ya yi kauri yana igiya, harshe da dasashi su yi jawur ko su fara shuɗi, ya dinga tangaɗi kamar mashayi, amai ko zawo, ko ki kira shi ya ƙi ɗagowa. In haka ta faru kada a tsaya neman mota tukuna, a fara ja shi inuwa a dinga kwara masa ruwa mai sanyi, na randa ya yi, ba na tankin nan da ya tafasa ba, a ciki da hammata da cinyoyi, a sa fanka ko a yi ta fifita, sannan a tafi asibiti. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu a bar shi a kai, riƙe zafin yake. Kada a ɗura masa ruwa a baki da ƙarfi, ya sha da kansa in zai iya. Ita kuma mage in kika ga ta buɗe baki tana haki irin na kare wannan ba ƙaramin abu ba ne, a kai ta a duba.

Ciwon wuyan a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, a cire abin wuyan har ya warke, a kula da ƙuda dan yanzu ne lokacin da suke zuba ƙwai a ciwo kwana biyu ka ga tsutsa. Ban da baƙin mai, ban da toka. Kuma da ruwa ya zauna kaska za ta yi yawa, kada a ce za a fesa masa fiya-fiya, maganin kaskar kare ma kada a shafa wa mage, akwai masu sinadarin da ke sa ta farfaɗiya.

Abu Ammar:

Allah ya saka wa Dakta da alheri. Ni dai ina so in ce kada a yi wa maganar Hajiya surukarki kallon camfi gaba ɗaya, akwai hadisi a Abu Dawud cewa in kun ji haushin karnuka da kukan jakuna da daddare ku nemi tsarin Allah domin suna ganin abin da ba ku gani. Wannan daban, tsoron tsawa daban, kuma ɗaya ba ya kore ɗaya. Ita tsawar kanta tasbihi take yi kamar yadda ya zo a Suratur Ra'ad aya ta 13, in an ji ta sai a ce subhanallazi yusabbihur ra'adu bihamdihi wal mala'ikatu min khifatihi, ki koya wa yaran ma zai rage musu firgita.

Sai dai 'yar uwa ki isar wa maigida da saƙo cikin hikima, duk dabbar da ka ɗaure ka hana ta nema wa kanta to haƙƙinta ya dawo wuyanka. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa dan ya shayar da kare mai haki saboda ƙishirwa. Kicin kam a wanke shi da kyau, kuma a nema masa wani wurin ba nan ba.

Maman Biyu:

Innalillahi, Dakta wallahi Allah ne ya sa na tambaya, jiya har na ɓallo ƙwayar na ajiye a kan firji sai wani abu ya ɗauke min hankali. Na gode ƙwarai. Malam Mai Tattabaru na je na tsuguna ɗin kamar yadda ka ce, ko minti biyu ban yi ba na taso kaina na sarawa, kwanon ruwansa ma na silba ne na taɓa shi sai da na yarfe hannu. Kunya ta kama ni wallahi. Toh amma Dakta in hadarin ya sake tasowa ya zan yi da shi, in ɗaure shi a jikin bishiyar mangwaron tsakar gida ko a jikin ƙarfen tanki? Su ne kawai masu ƙarfin da ba zai tumɓuke ba.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum. A'a Hajiya, kada ki soma, icce da ƙarfen tanki su ne wuraren da ba a ɗaure bisa in ana tsawa. Ni daga Maraɗi nike, mu nan mussa muke ce ma kyanwa, kuma tawa ita ma cikin rumbun hatsi take shigewa da ta ji iska ta canza. Amma abin da ya sa na sa baki shi ne na ga aikin aradu da idona ina yaro a ƙauyenmu.

Kawuna yana da shanun noma biyu, bajimai masu kyau da ya yi shekara yana turka. Ran nan ruwa ya taso suna gona, sai ya sa ɗanshi ya ja su ƙarƙashin wani babban bedi, wanda ku kuke ce ma dalbejiya, anka ɗaure su a gindin, shi yaron ya raɓe can gefe da buhu a ka. Walƙiya guda anka yi da tsawa tare ba tazara, da munka zo shanun duka biyu suna kwance ba rai, ba jini ba ƙuna in ban da ɓawon iccen da ya tsage tun daga sama har ƙasa fari fat kamar an fere shi da gatari. Yaron ya faɗi ya suma amma ya tashi, har yau yana nan da ɗiyanshi, kunne guda ne dai bai ji da shi sosai. Mutanen gari sunka taru nesa kowa na tsoro, tsofaffi sunka ce kada a taɓa komai sai an zuba nono a wurin, ana ta neman nono yaro na kwance cikin ruwa, sai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ya yi ta maza ya ɗauke shi.

Tun daga ranan a gidanmu da an ga gabas ta haɗe ake kwance bisashe daga gindin icce a kai su garke ko zaure. Kuma ku lura da awaki, ba su son ruwa ko kaɗan, tun kafin ɗigo ya sauka za ka ga sun baro kiwo da gudu suna kuka sun jeru a jikin bango. Jaki kuwa shi ko a jikinshi, ya juya ma iska baya ya sadda kai ya tsaya nan har a gama. Kowace bisa da halinta. Masu ragon layya ma da ke turke shi ƙarƙashin icce ko jikin falwaya ku ji da kyau.

Malamin Kimiyya:

Ɗan Maraɗi Allah ya mayar wa kawu da alheri, labarinka ya yi daidai da abin da muke koyarwa. Ba sai aradu ta faɗo a kan dabba take kashe ta ba, in ta sauka a bishiya wutar bazuwa take yi a cikin ƙasa, tana raguwa da nisa. Saniya ƙafafunta na gaba da na baya akwai tazara mai yawa, sai wutar ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya ta bi ta ƙirji inda zuciya take, shi kuwa yaro ƙafafunsa kusa da juna suke shi ya sa ya sha. Haka ta faru a Ijare ta jihar Ondo a Satumbar 2019 inda shanu 36 suka mutu lokaci guda, a Norway ma a Agustan 2016 dabbobin dajin nan masu kama da barewa da ƙaho mai rassa sama da 300 suka mutu a tsawa ɗaya saboda sun cure wuri guda.

Batun kada a taɓa kuma ba shi da tushe, jikin wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta, a taɓa shi nan take a duba numfashi a danna ƙirji in ya tsaya. Ga wata dabara da yara ke so, in kun ga walƙiya ku fara ƙirga daƙiƙa har ku ji ƙarar, duk daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ne, dan sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Maman Biyu ki sa 'yan biyunki su dinga ƙirgawa, in lissafin na raguwa hadarin na matsowa.

Likitan Dabbobi:

Sun riga ni, ba bishiya ba ƙarfe. Kada ma a ɗaure shi sam lokacin hadari, rabin firgicin nasa na rashin wurin gudu ne, ga ƙarar ruwa a kan kwano dab da kunnensa. Ku duba wani ɗaki na bulo mai ƙofa, gareji ko ɗakin maigadi ko ƙarƙashin bene, a sa masa tsohon buhu a lungu, a fara ba shi abinci a can tun yanzu da gari yake lafiya dan ya san wurin nasa ne. Da kun ga alama a kai shi tun kafin tsawa ta fara, a rufe taga saboda walƙiya, in da rediyo a kunna. Kada a doke shi ko a daka masa tsawa a kan tsawa, kuma kada ke ki sa hannu ki jawo shi daga inda ya ɓuya tunda ba ki saba da shi ba, kare mai tsoro ya fi saurin cizo. Wanda yake ba shi abinci shi zai yi. In duk da haka yana ji wa kansa ciwo akwai maganin da likita ke rubutawa daidai nauyinsa, sai an gan shi ido da ido.

Maman Biyu:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa Abban yara duk abin da kuka rubuta, da farko ya ɗan yi fuska wai na kai ƙararsa duniya, amma da ya karanta na Malam Abu Ammar sai ya yi shiru, washegari da kansa ya kwashe tarkacen da ke ɗakin janareto na da, wanda ba ma amfani da shi tunda aka sa sola, ya wanke shi tas saboda warin fetur. Katin rigakafin ma an duba wata biyu ya wuce, an kai shi an yi, an duba wuyan. Rumfar an ɗora mata zana, na sayo kasko babba na ƙasa, ramin gindin famfon kuma na bar masa na haƙura da na'a-na'a.

Daren jiya wajen ƙarfe tara aka sake haɗo hadari. Wannan karon ina ganin magen ta tsaya a bakin ƙofa kunnuwa na juyawa ta ƙi taɓa kifin da na sa mata na ce wa Abbansu tashi ka kai mutuminka. Ya kai shi ya zauna da shi a can da 'yar rediyonsa, ya ce ya yi karkarwa ya yi haki amma ba kukan nan, da aka yi wata babbar tsawa ma kansa ya cusa a ƙarƙashin kujerar da yake zaune. Su Hassana suna ɗaki suna ta ƙirga ɗaya biyu uku suna gardamar kilomita nawa ne, ba wanda ya yi kuka. Ɗan Fagge ka ji, ma'aikaciyarku ta ba da sanarwa da kusan rabin awa.

Sai dai wata sabuwa. Da safe na leƙa ƙarƙashin gado ba mage ba 'ya'ya, muka birkice gidan nan kaf har cikin injin wanki, ashe wardirof ɗin Abbansu aka bari a buɗe ta kwashe su ta zuba a cikin kwandon hulunansa, a kan zanna bukar ɗin da ya ajiye ta sallah ko sau ɗaya bai sa ba. Ɗaya har ya shige cikin hular ya yi barci. Bai sani ba tukuna ya fita tun asuba. Dan Allah wa ya san yadda ake fitar da gashin mage da ɗan abin da ba a rasa ba daga hula ba tare da an kai wa mai wankin hula ya tona min asiri ba, kafin ƙarfe shida nake so.